Babi na Bakwai: Bututu Ya Iso Ƙofar Gida

Ina ruwanmu da bututun mai? Wannan ce tambayar da Bakano zai yi maka idan ka ɗauko masa zancen masu zanga-zanga a kan bututu. A wurinsa mai abu ne da ke zuwa a tanka, a sauke a gidan mai, a yi layi. Idan ya yi wuya a nemi 'yan bumburutu a bakin titi da galan da mazurari. Bututu kuwa na mutanen Kudu ne, su da kamfanoninsu da rigimarsu. Idan ka ƙara masa da cewa wasu da waƙa da zane da wasan kwaikwayo suke yaƙar bututun, sai ya jefo maka ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi: waƙa ta taɓa hana ƙarfe wucewa?

Duka biyun an yi mini su a zama ɗaya, a wata majalisa a Gwammaja bayan sallar isha'i, nesa kaɗan da Gidan Mambayya. Mai tambayar dattijo ne da ya yi shekaru yana jan tankar mai, tun ana lodi a daffon Hotoro. Ya bar ni har na kai aya, ya ajiye kofin shayinsa a kan benci, ya ce, "Ɗana, ni na ga bututu da idona, na ga masu gadinsa. Wanda ya zo da bindiga da takardar gwamnati, mai kalangu ne zai tare shi?" Na ce, "Baba, a yi mini haƙuri, amsar tana da tsawo." Ga ta nan.

Bututu ya daɗe da zuwa

Mu fara da ta farko, don ta fi sauƙi. Matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, ba ta da rijiyar mai ko ɗaya a kusa da ita. Ɗanyen man da aka gina ta don tacewa ta bututu aka riƙa turo shi tun daga gaɓar teku, ta Warri, tafiyar ɗaruruwan kilomita. Daga Kaduna kuma wani bututun ya ɗauki tataccen mai, ya bi ta Zariya, ya zube a Hotoro. Shekara 40 da ɗoriya ke nan muna noman gero da dawa a gefen ƙarfe, yawancinmu ba mu sani ba.

Na yanzu sun fi waɗancan girma. Ranar 30 ga Yuni, 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda ake kira AKK. Tsawonsa kilomita 614, faɗin bakinsa inci 40, ƙato ma zai iya rarrafe a ciki, kuɗin aikin kuma dala biliyan 2.8. An ce shekara 2 za a yi, aka yi ta ɗaga ranar gamawa. Burin shi ne wata rana ya zarce ta Nijar zuwa Aljeriya, gas ɗin Najeriya ya ƙetare teku zuwa Turai. 'Yan'uwanmu na Nijar har sun gama nasu: bututun ɗanyen mai na kusan kilomita 2,000 da kamfanin CNPC na China ya shimfiɗa daga Agadem a jihar Diffa, ya ratsa ƙasar Damagaram da Maraɗi da Tawa da Dosso, ya ƙetare ta Gaya zuwa tashar Seme a Jamhuriyar Benin. Jirgin farko ya yi lodi a watan Mayun 2024, wata guda bayan nan wata ƙungiyar 'yan tawaye ta fasa wani sashe nasa. Ga kuma Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe, inda aka yi bikin fara haƙar mai a Nuwamban 2022.

Kada mai karatu ya ɗauka ina gaba da waɗannan ayyuka. Wanda ya san Sharaɗa da Bompai lokacin da masaƙu ke aiki dare da rana, ya kuma ga yadda rashin wuta ya mayar da yawancinsu kango, ba zai ƙi gas ya zo Kano ba. Kuma mun ga abin da tanka ke yi. A daren 15 ga Oktoba, 2024, wata tanka da ta taso daga Kano ta faɗi a Majiya, ƙaramar hukumar Taura ta Jigawa. Mutane suka fito da bokitai da jarkoki, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Lokacin da bututu ya kama da wuta a Jesse ta jihar Delta a Oktoban 1998, ya ci fiye da mutum 1,000 a wurin ɗiban mai, na ji masu cewa a nan kwaɗayi ne ya kashe su. Majiya ta nuna mana talaucin nan iri ɗaya ne a can da nan. Man da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa, idan ana kula da shi, ya fi mai yawo a kan kwalta aminci. Maganar dai ita ce ta gonar wa zai bi, wa aka tambaya, nawa aka biya, idan kuma ya tsage ruwan wa zai lalace.

Ta gonar wa?

Bututu tafe yake da hanyarsa. A share fili mai faɗin mita da dama, a sare duk itacen da ke kai, a haƙa rami, a binne, a kafa alamu. Daga ranar babu gini a wurin, babu dasa mangwaro, babu haƙa rijiya. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, saboda haka idan aka karɓi gona don aikin jama'a, abin da ake lissafa wa manomi shi ne amfanin da ke kai da itatuwa da gini. Ita kanta ƙasar da ya gada kaka da kakanni ba ta shiga lissafi. Mai ƙiyasi zai zo da takardarsa, ya ƙirga kuka da ɗorawa, ya rubuta adadi, manomin da bai yi boko ba ya dangwala yatsa.

A takarda akwai kariya. Dokar bututun mai ta 1956 ta ce a sanar da jama'a, a ba su damar kawo ƙorafi kafin a ba da lasisi. Dokar 1992 ta auna illar manyan ayyuka ga muhalli ta ce a baje rahoto inda jama'a za su karanta. Sai dai rahoton da Turanci yake, shafi bisa shafi, a ajiye a ofis, sanarwar kuma a jaridar da ba ta zuwa ƙauye. Dokar man fetur ta 2021 ta ware kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwar kamfanonin haƙar mai don al'ummomin da ake aiki a ƙasarsu, amma ta ce idan aka yi ɓarna a yankin wata al'umma, daga kasonta za a cire kuɗin gyara.

Mun taɓa ganin inda irin wannan lissafi ke ƙarewa a ƙasar Hausa, ko da yake madatsar ruwa ce ta jawo. Bakolori, kusa da Talatar Mafara, kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina ta a kan kogin Sakkwato cikin shekarun 1970. Ruwa ya ci garuruwa da gonaki, aka tashi dubban mutane, diyya ta zo wa wasu a makare, wasu ba ta zo musu ba. Manoma suka tare hanyoyin aikin suna neman haƙƙinsu. A watan Afrilun 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe wuta, aka ƙona gidaje. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan. Mutanen yankin da masu bincike sun ce ɗaruruwa ne suka mutu. Yau ka tsaya a bakin wata makarantar sakandare a Kano ka tambayi ɗalibai 10 abin da ya faru a Bakolori, da wuya ka sami mai amsawa. Amma cikinsu ba za ka rasa wanda ya taɓa jin sunan Ken Saro-Wiwa ba. A kan wannan bambancin nake so mu ɗan daɗe.

Marubucin Ogoni

Ogoni ƙaramar ƙabila ce a jihar Ribas, manoma da masunta, ƙasarsu duka kimanin murabba'in kilomita 1,000. An sami mai a wurinsu a 1958, shekara 2 bayan na Oloibiri. Daga nan bututun kamfanin Shell suka ratsa gonaki, wasu a saman ƙasa, ta ƙofar gidajen mutane, wutar gas kuma tana ci dare da rana.

Ken Saro-Wiwa, haifaffen Bori a 1941, mu a Arewa ta akwatin talabijin muka fara saninsa. Shi ne mai Basi and Company, wasan barkwancin nan da NTA ta nuna cikin shekarun 1980 a kan 'yan Legas masu neman kuɗin dare ɗaya. Miliyoyi ke kallo. Mutumin da ya iya sa ƙasa guda dariya ya san yadda zai sa ta kasa kunne. A 1990 shi da dattawan Ogoni suka kafa ƙungiyar MOSOP, suka rubuta takardar haƙƙoƙin Ogoni suka miƙa wa gwamnatin Babangida. Ranar 4 ga Janairu, 1993, kimanin mutum 300,000, fiye da rabin ƙabilar, suka fito ba makami, kowa riƙe da ɗanyen ganye, da ganguna da raye-rayensu na gargajiya. Aka yi taro aka watse lafiya.

Ranar 30 ga Afrilun shekarar, kamfanin Willbros na Amurka, ɗan kwangilar Shell, yana ratsa gonakin da aka riga aka shuka a Biara da buldoza don shimfiɗa bututu. Manoma suka taru, sojojin rakiya suka yi harbi, mutane suka jikkata, wata manomiya ta rasa hannunta. A shekarar ne Shell ya dakatar da haƙar mai a Ogoni, bai kuma sake komawa ba. Amma babban bututun da ke ɗauko man wasu yankuna ya ci gaba da ratsa ƙasar. Shi ne ya tsage a Bodo a 2008, mai ya malale rafuka, kifi ya mutu, sai a 2015 kamfanin ya biya mutanen garin fam miliyan 55 bayan shari'a a Landan.

A watan Mayun 1994 wasu gungun mutane suka kashe dattawan Ogoni 4 a Giokoo. Saro-Wiwa ba ya wurin, jami'an tsaro sun mayar da shi daga hanya a ranar, amma shi aka kama. Aka kafa kotu ta musamman, ba ɗaukaka ƙara, kuma wasu shaidu daga baya sun ce saye su aka yi. Ranar 10 ga Nuwamba, 1995, aka rataye shi a Fatakwal tare da mutum 8. Ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila ta dakatar da Najeriya.

Dole in faɗi abin da ba a cika son ji a majalisun Kano ba. Ɗan garin nan ne, Janar Sani Abacha, ke mulki, kuma majalisar mulkinsa ce ta tabbatar da hukuncin. Mutane da yawa a nan suna tuna shi da alheri saboda titunan asusun rarar man fetur na PTF da magungunan asibiti, ba na kuma musun abin da suka gani. Amma wannan bai wanke waccan igiya ba. Wanda ya san matsayin zalunci a addininmu bai kamata ya auna jinin mutum da yaren da yake yi ba.

A 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton bincikenta a Ogoni. A Nisisioken Ogale ta iske mutane suna shan ruwan rijiyar da sinadarin benzin mai jawo ciwon daji ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900. Ta ce gyaran ƙasar zai ɗauki shekara 25 zuwa 30. Abin da marubuci ya faɗa da alƙalami aka kashe shi, shi ne masana suka zo suka auna da na'ura bayan shekara 16. A Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya yi wa mutum 9 ɗin afuwa. Danginsu suka ce afuwa ta mai laifi ce, su wankewa suke nema.

Motar da aka tsare a tashar ruwa

Sokari Douglas Camp 'yar Buguma ce ta ƙasar Kalabari, tana zaune a Landan, sana'arta ƙera siffofi da ƙarfe da walda. A 2006 ta ƙera motar bas ta ƙarfe, girman ta gaske, ba inji. A jikinta ta huda kalmomin Saro-Wiwa inda yake tuhumar kamfanonin mai da yi wa Ogoni kisan ƙare-dangi. A samanta ta jera gangunan mai, ɗauke da sunayen waɗanda aka rataye tare da shi. Motar ta yi shekaru tana zaga biranen Ingila. A 2015, cikar shekara 20, aka ɗoro ta a jirgin ruwa za a kai ta Ogoni. Kwastan suka tsare ta a Legas saboda rubutun da ke jikinta. Shugaban kwastan na lokacin, Kanar Hameed Ali mai ritaya, yana cikin waɗanda suka zauna a kotun 1995. Motar ta yi shekaru a tsare.

Babu Bakanon da bai san wannan fasaha ba. Je ka Dawanau ka dubi motocin katako masu lodin hatsi: zaki a wannan gefe, dawisu a wancan, a goshi addu'a, a baya habaici ko gargaɗi. Direba ba shi da jarida, ba shi da gidan rediyo, amma yana faɗin abin da ke ransa daga Kano har Ikko, duk wanda ya biyo bayansa sai ya karanta. Abin da wannan mata ta yi ke nan. Ga kuma guntun amsar Baba: idan zane ba ya komai, me ya sa hukuma mai bindiga da takarda za ta tsare motar da ko inji ba ta da shi?

Madubi da baƙin maciji

Mu da muka kalli fina-finan kaboyi a Orion da Plaza mun san 'yan asalin Amurka a matsayin mutanen da ke fitowa daga bayan dutse da gashin tsuntsu a ka, jarumi ya harbe su muna tafi. Ba mu san ƙasarsu ake ƙwacewa ba. Jikokinsu suna nan, cikinsu har da Lakota da Dakota na yankin Standing Rock. A 2016 kamfanin Energy Transfer ya zo da bututun Dakota Access, mai tsawon kusan kilomita 1,900, zai bi ta ƙarƙashin kogin Mizuri, ƙasa da kilomita 1 daga iyakar yankinsu, sama da inda suke jan ruwan sha. An taɓa duba wata hanyar ta arewacin Bismarck, birnin da galibin mazaunansa Turawa ne, aka bar ta, kuma cikin dalilan har da kare ruwan shan birnin.

Baƙin maciji mutanen Standing Rock suka sa wa bututun, daga wani tsohon hasashe na kakanninsu. Wannan ba sai an fassara wa Bahaushe ba. Labarin asalinmu ma a bakin rijiya ya faro, Kusugu ta Daura, inda maciji ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Masu adawa da bututun kuma masu kare ruwa suka kira kansu, takensu kuwa ruwa shi ne rai. Sansanin da aka kafa a watan Afrilu ya cika da dubban mutane daga ɗaruruwan ƙabilu. Matasansu suka yi gudun miƙa-miƙa har birnin Washington, tafiyar fiye da kilomita 3,000, don kai takardar koke. A Satumba masu gadin kamfani suka sakar musu karnuka. A Nuwamba, cikin daren da ruwa ke daskarewa, 'yan sanda suka yi ta feshe su da mesa.

A nan ne wani mai fasaha haifaffen yankin, Cannupa Hanska Luger, ya fito da garkuwar madubi. Abin ba shi da wuya, kowane kafinta a Ƙofar Ruwa zai yi shi kafin azahar. Falle ɗaya na katako, a yanka shi gida 6, a manna wa kowane takarda mai ƙyallin madubi, a huda, a zura igiyar riƙewa. Ya ce dabarar a wurin matan Yukren ya gan ta, waɗanda suka riƙe wa 'yan sanda madubi. Ya ɗauki ɗan gajeren bidiyo ya sa a intanet, mutanen da ba su taɓa zuwa wurin ba suka yi ta ƙerawa suna aikowa. Garkuwar tana tare ruwa da harsashin roba, amma babban aikinta shi ne ɗan sandan da ya ɗaga kulki ya haɗa ido da kansa. Mu da muka san nauyin kunya mun san abin da ake nufi. Daga Kanada kuma Christi Belcourt da Isaac Murdoch suka bar zanensu kyauta, mace mai fukafukan tsuntsu, aka yi ta buga shi a kan ƙyalle kamar yadda ake buga rigunan kamfe a nan, har ya zama duk inda aka ga hoton an san maganar ruwa ake yi.

A Disamban 2016 gwamnatin Obama ta dakatar da izinin ƙetare kogin. A Janairun 2017 Trump ya hau ya ba da umarnin dawo da shi. A Yuni mai ya fara gudana.

To, waƙar ta hana?

Baba yana da gaskiyarsa, kuma ba zan rage masa ita ba. Yawancin bututun da aka yi wa waƙa an binne su. Akwai wanda aka fasa yi, kamar Keystone XL da kamfaninsa ya haƙura a 2021 bayan fiye da shekara 10 ana ja-in-ja, amma irinsa kaɗan ne.

Sai dai ba nan lissafin ya tsaya ba. Bututu da bashi ake gina shi, banki kuma yana tsoron ɓacin suna. Na Uganda zuwa Tanzaniya, kilomita 1,443 daga Hoima zuwa Tanga, manyan bankuna da dama sun janye daga ba shi rance, domin hoto da labarin manoman da aka tasa sun riga shi isa Turai. Mutanen Bodo ma da wuya a saurare su a kotun Landan da a ce sunan Ogoni bai riga ya shiga kunnen duniya ta alƙalamin ɗansu ba.

Wani abin ya fi wannan muhimmanci a wurina. Taron da ke da ganga da ganye a hannu ba ya ɗaukar dutse da wuri. Dubi abin da ya biyo bayan rataye marubucin. Shekara 10 kacal, matasan Neja Delta suka fito da bindigogi da jiragen kwale-kwale, ana fasa bututu ana sace ma'aikata, man da ƙasa ke fitarwa ya ragu, har sai da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi musu afuwa a 2009. Gwamnatin da ta ƙi sauraron mai alƙalami ta zo ta zauna da mai bindiga. Mu da muke fama da daji a Zamfara da Katsina ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan abin da koken da aka ƙi ji yake zama.

Gidan Malam

Yanzu mu dawo Gwammaja, don abin da na zaga duniya ina nema yana bayan bencin da muke zaune. Gidan Malam Aminu Kano, wanda ake kira Mambayya da laƙabin mahaifiyarsa, yau cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. A ciki kabarinsa yake. Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. Mutane sun san shi ɗan siyasa ne kuma malamin tafsiri, amma kafin nan marubucin wasan kwaikwayo ne. Tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna ya rubuta wasanni, cikinsu har da Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba? Abin da ba a isa a faɗa wa hakimi ko alƙali a fuska ba, sai a sa yaro ya naɗa rawani ya yi shi a dandali, talaka ya yi dariya, ya koma gida yana tunani.

Da aka kafa jam'iyyar NEPU, wadda Malam ya zo ya jagoranta, ranar 8 ga Agusta, 1950, ba ta da kuɗi, ba ta da rediyo, ba ta da 'yan doka. Waƙa ce jaridarta. Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da Gambo Hawaja suka rubuta, aka haddace, aka rera a kasuwa da gidan biki da gidan yari. An yi wa 'ya'yanta bulala, an ɗaure su, Gambo Sawaba an ɗaure ta sau da dama, an kore ta daga Kano. NEPU ba ta taɓa kafa gwamnati a Arewa ba. Wanda ya tsaya a 1960 ya yi lissafi zai ce waƙar ba ta hana komai ba. Amma a 1979, da PRP, sabuwar jam'iyyar Malam, ta ci Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, shekara 29 bayan kafa NEPU. Da na kawo nan a majalisa, Baba ya yi shiru, sannan ya ce yana yaro ya ga an shanya mahaifinsa a rana a ƙofar gidan dagaci saboda kuɗin haraji. Bai ce na yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba.

Abin da ke damuna shi ne garin da ya gaji wannan, garin Kannywood da ɗaruruwan situdiyo da marubuta littattafai, mafi yawan basirarsa ta koma yabon masu mulki. Ɗan Maraya Jos ya yi wa karen mota waƙa. Manomin da bututu ya raba gonarsa biyu bai fi ƙarfin a yi masa ba. Ba cewa nake a tare buldoza ba. Cewa nake mawaƙi da mai kyamara da marubuciya su bi hanyar AKK daga Zariya zuwa Kano ƙauye-ƙauye, su tambayi nawa aka biya kuka, nawa aka biya ɗorawa, wa ya karɓa, rijiya nawa ke kusa da layin, wa za a kira idan aka ji warin gas da dare. A fassara rahoton muhalli da Hausa a karanta shi a rediyo. A rubuta sunayen mutane da gonakinsu tun suna raye. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram su yi haka a nasu layin, na Alƙaleri da Akko su yi tun kafin rijiyoyin Kolmani su yawaita. Dattawan Bakolori da suka ga abin da ya faru a 1980 suna ƙarewa, a je a ɗauki muryarsu.

A babi na gaba za mu bar bututun ƙarfe mu bi ruwan da ya fi kusa da mu: Jakara, da rafin Getsi da ke kwaso dattin majemu da masana'antun Bompai ya zuba a cikinta, har zuwa madatsar Wasai. Da wannan ruwan ake ban-ruwan latas da alayyahon da ake kawowa kasuwannin birni.